Kaset Marar Numfashi

Shekara arba'in masoyan wasu makaɗan rok suna neman kaset ɗin wasansu na ƙarshe a Sapporo, can ƙasar Japan, sai ga wani tsoho ya kawo wa wata mata, Kuniko, shi har shago, rana ta faɗi, dusar ƙanƙara na zuba. Sana'arta ke nan, kwashe tsofaffin kaset zuwa kwamfuta kafin su lalace.

Ta kunna. Gita na kuka, jama'a na ihu. Masu satar ɗaukar sauti a cikin taro ba sa tafi, ba sa tari, amma komai ƙwarewar mutum sai numfashinsa ya shiga, tunda makirufon a wuyan riga ake ɓoye shi. Wannan kuwa babu.

"Baba, kai ka ɗauka? Ko numfashinka ban ji ba."

"Suna fara kiɗa na riƙe shi, 'yata, kada in ɓata musu." Muryarsa na da ƙaiƙayi irin na tsohon kaset.

Shagon ya yi sanyi, duk kalmar da Kuniko ta furta sai tururi ya biyo ta. Bakin tsohon kuwa, ko ɗis.

"To yaushe ka sake shi?"

"Ai ba su gama ba tukuna."