Tawada a Goshin Auta

Ƙawata, matso kusa ki ji labarin wata yarinya 'yar aji biyar. A gida Auta ake ce mata.

Auta tana da ƙoƙari. A gida sai an roƙe ta take yin shiru. Amma a makaranta, ko sunanta aka kira sai muryarta ta maƙale.

Wata rana Malama ta ce kowa ya shuka wani abu. Auta ta shuka wake a gwangwanin madara, ta ajiye a bakin taga a gida. Kullum da safe tana ba shi ruwa, tana auna shi da rula. Ranar da kowa ya kai wa Malama nasa ta gani, wakenta ya fi na kowa kyau.

Malama ta ce, "Ran Litinin za ki tsaya gaban aji ki yi mana bayani. In kin yi da kyau, ke za ki wakilci ajinmu a gaban makaranta duka."

Auta tana so, amma tana tsoro.

A gida Umma tana guga, ta ce, "Zo ki faɗa mini abin da za ki ce."

"Na iya, Umma."

"To in kin iya, mu ji mana."

"Sai anjima."

Har Litinin ta zo, anjimar ba ta zo ba.

Da safe Auta ta laɓe bayan ƙofa da biro. Ta rubuta bayanin kaf a tafin hannunta na hagu, ƙanana kamar tururuwa. Ta dunƙule hannun ta tafi. Ko gwangwanin ba ta ɗauka ba, don kada ya goge rubutun.

Malama ta kira ta. Ta fito gaban allo. Idanu suka yi mata caa. Gumi ya karyo mata har tafin hannu.

Ta buɗe hannun a hankali.

Babu rubutu. Ko kalma ɗaya. Gumi ya narkar da komai, sai shuɗin tawada jage-jage.

Auta ta daskare. Ba ta san lokacin da ta kai hannun ta share goshi ba.

Sai wani yaro da ake kira Sarkin Surutu ya ɗaga hannu daga baya.

"Malama, Auta ta canza launi."

Dariya ta ɓarke. Malama ta buga tebur, ta matso.

"Nuna mini hannunki."

Da ta gani, sai ta riƙe baki. "Ke? Ke da kika fi kowa sanin wannan aikin?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Je ki wanke fuska. Ran Alhamis zan sake ba ki dama. In ba ki iya ba, wani zan zaɓa."

Tawadar ba ta fita duka ba. Da Umma ta ga goshin, sai ta yi salati.

"Me ya same ki?"

Auta ta faɗa mata komai tana kuka. Sai Umma ta tashi, ta ɗauko gwangwanin, ta dire shi a gabanta.

"Wannan abin naki, kwana nawa ya yi kafin ya tsiro?"

"Huɗu."

"Ganye ne ya fara fitowa?"

"A'a, Umma, saiwa ce. Ita ta fara yin ƙasa tana neman ruwa."

"To me ya sa ya karkace haka? Ko ba shi da lafiya?"

Auta ta share hawaye. "Lafiyarsa ƙalau. Hasken taga yake bi. Da na juya gwangwanin, bayan kwana biyu shi ma ya juya." Ta yi ta zuba, har da nuni da yatsa.

Umma ta bari ta gama. Sannan ta ce, "Duk wannan a wane hannu kika karanta?"

Auta ta yi sororo tana kallon hannuwanta.

"Amma Umma, ke ce. Can idanu ne da yawa."

"Tsoro ba laifi ba ne, Autata. Laifin shi ne ki ƙi gwadawa, ki nemi dabarar ɓoye. Tashi ki tsaya bakin ƙofa."

Umma ta koma can ƙarshen ɗaki. Auta ta fara. "Ban ji ba," in ji Umma. Ta ɗaga murya. "Har yanzu da takalminki kike magana. Ni ki kalla."

Haka suka yi ta yi kullum bayan makaranta. Ran Laraba har Baba ya zauna, yana jefo mata tambayoyi.

Ran Alhamis Umma ta raka ta ƙofa. "Ki yi bismilla a zuci. Ki ja numfashi sau uku. Ki zaɓi fuska ɗaya ki yi mata magana. Allah ya ba da sa'a."

Auta ta tsaya gaban allo, gwangwani a hannu biyu.

"Yau wane launi za mu gani?" in ji Sarkin Surutu ƙasa-ƙasa.

Auta ta ja numfashi sau uku. Ta ɗaga kai, ta zaɓi fuskarsa.

"Wannan wakena ne," ta ce. "Ni na shuka shi. Kai, na baya, ka san abin da ke fara fitowa?"

Sarkin Surutu ya saki baki. "Ganye?"

"Saiwa ce."

Daga nan magana ta miƙe. Yara suna kallon juna, kamar ba su taɓa ganinta ba. Ashe haka muryarta take. Da ta gama, Sarkin Surutu ne ya fara tafi.

Malama ta ce, "Ke za ki wakilce mu."

Auta ta koyi darasi. Duk wanda zai yi magana a gaban mutane, ya san abin da zai faɗa, ya gwada da ƙarfi a gida tun da wuri. Tsoro zai zo, amma ba zai hana shi ba.

To ƙawata, kin ji. Sai dai don Allah ki bar shi a cikinki. Har yau in an ambaci shuɗin biro, Auta takan shafa goshi. Kada ki gaya wa kowa.