Shafin da Lida Ya Cire

A bakin babban kanal na Kura ya fara ganinta, ranar da malaminsu na kwalejin aikin gona ya kasa su rukuni-rukuni, ya ce su binciko yadda ake rabon ruwan noman rani. Abdulsamad aka naɗa shugaba, don Allah ya hore masa baki, ga mota, ga uba mai suna. Surayya tana gefe da koɗaɗɗen hijabinta, amma da ta ɗago ido sai shugaba ya manta abin da yake faɗa.

A yi masa adalci, ya iya raba aiki. Bilya zai auna ruwa, Latifa ta buga rahoto a kwamfuta, shi ya yi bayani gaban malamai. Surayya ce za ta shiga gidaje, tunda namiji ba ya wuce zaure, kuma mata na faɗin abin da mazansu ke tsoron faɗa.

Kafin sati uku, saƙonninsu sun tashi daga na aiki, ita tana kiransa Lida, wato shugaba.

"Lida, na gama gida goma. Ƙafata har ta kumbura."

"Sannu Zumata. Ni baki ne kawai, ke ce kunnen rukunin nan. Ba ke, ba mu."

Ta gaya masa sirrinta. Gonar mahaifinta, Malam Dattijo, tana can wutsiyar kanal wajen Bunkure, inda ruwa ke isa a wahale. Da ƙyar ya bar ta karatu, da sharaɗin ranar da ta faɗi darasi ɗaya, ta dawo gida ke nan.

Sai ga shafi na sha ɗaya na rahoton. Matan ƙasan kanal sun ce akwai mai gona a sama da ke toshe ruwa da buhunan ƙasa, ya ƙosar da shinkafarsa, su kuwa sai laka. Suna ɗaya duk suka kama: Alhaji Maikuɗi, mahaifin Abdulsamad.

Ya lallashe ta ta cire shafin, ya yi fushi, ya sake lallashi. Ta ce amana matan suka ba ta, ko an cire za ta faɗa da bakinta ranar bayani. Latifa, wadda ta daɗe tana son kujerar gaban motar nan, ta tuna masa cewa shugaba ne ke rubuta waɗanda suka yi aiki, kuma wanda ba ya ciki ba shi da bakin magana.

Na so in ce ya yi jinkiri. Bai yi ba. Ya cire shafin, ya rubuta a gaban sunanta: "Ba ta halarci aiki ba."

Ranar bayani ta zo da hijabi a goge. Malaminsu ya duba takarda, ya ce ta fita, ba ya son masu cin gumin wasu.

"'Yar wutsiya, bi ruwanku," in ji Latifa, aji ya kwashe da dariya.

Surayya ta dubi Abdulsamad. Yana ta jera takardu kamar bai taɓa saninta ba. Rukuninsu ne ya zo na ɗaya, ita ta faɗi, Malam Dattijo kuma ya cika alkawarinsa, ya mayar da ita gida.

Saƙo ya fi arba'in ya tura mata, ɗaya ta amsa.

"Ka ci jarrabawa, Lida, barka. In ka samu sarari ka je ka ga gonarmu."

Ya je. Ya tarar da wani tsoho yana tuge busasshen tumatir, ƙasa duk ta tsattsage. Tsohon bai san shi ba. Ya ga baƙo cikin rana, ya miƙa masa ragowar ruwan gorarsa.

"Ka yi haƙuri ɗana, kaɗan ne. Mu nan ruwa ba ya iso mana."

Abdulsamad ya sha, ya mayar masa da gorar. A nan ya tsani kansa.

Washegari ya kai wa malam shafin tare da awon Bilya, ya faɗi abin da ya yi. Aka soke makinsa, aka dakatar da shi shekara guda, aka mayar wa Surayya nata, ta koma aji. Alhaji ya karɓe makullin mota, da ya ji ɗan nasa Surayya yake son aura kuwa, ya rantse ba zai taka wutsiyar kanal neman aure ba. Malam Dattijo ma da ya gane ko wa ya shayar, ya ce wanda ya iya goge sunan 'yarsa a takarda zai iya goge shi a gida.

Surayya ta bar shi yana zarya wata bakwai, ko zaure ba ta leƙo ba. Daga baya ta aiko da sharaɗi.

"Ka ce kai ne baki. To ka karanta shafin nan a taron ƙungiyar manoma, mahaifinka na zaune."

Ya karanta, bai tsallake sunan mahaifinsa ba. Alhaji ya tashi ya sharara masa mari gaban jama'a, ya ce daga yau ba shi da ɗa. Abdulsamad ya ɗauki takardar da ta faɗi, ya ƙarasa layin da ya rage. A satin ƙungiya ta kwashe buhunan, ruwa ya isa wutsiya.

Bayan an kwashe tumatir mai kyau aka ɗaura auren a ƙofar Malam Dattijo. Kawun Abdulsamad ne ya karɓa masa, tabarmar da aka shimfiɗa wa Alhaji ta wuni ba kowa. Malam Dattijo ya dafa kan angon, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya shirya tsakaninsa da mahaifinsa. Ango ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a babbar rigarsa.

Da aka shafa fatiha ya koma gefe ya ciro waya.

"An ɗaura, Zumata. Na ji an faɗi sunanki da ƙarfi, kowa ya shaida."

Amsar ba ta jima ba.

"Na jiyo daga ɗaki, Lidana. Wannan karon ba kai ka riƙe biro ba. Allah ya ba mu zaman lafiya."