Kiɗan da Ya Fi Garma Sauri

A can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wani tsohon makaɗin noma wanda ba ya yabon ganin ido. Wata rana ɗan maigari ya tsara waƙa da kiɗanta don gayyar gonar ubansa, ya rera wa mutane. Kowa ya ce, "Kai, madalla!"

Tsoho ya ce, "Ɗana, waƙarka da daɗi, amma kiɗan ya fi garma sauri. Sassauta shi."

Maigari ya fusata, ya ce, "Ko ka janye maganar nan, ko a karɓe gangarka."

"Ranka ya daɗe, ga gangar nan. Kiɗan dai ya fi garma sauri."

Aka karɓe ta a gaban jama'a. Matar tsoho ta ce, "Malam, ka ce madalla mana! Bakinka zai yi ciwo ne?"

Ya ce, "Bayan manoma ne zai yi ciwo."

Ran gayya aka buga sabon kiɗa, manoma suka yi ta bin sa suna haki. Kafin hantsi duk sun zube gindin bishiya, ko rabin gona ba a nome ba.

Ɗan maigari ya zo ya durƙusa gaban tsoho, ya ce, "Baba, ina zan gyara?"

Tsoho ya ce, "Ɗauki garma ka yi kunya goma, ƙugunka zai gaya maka. Amma tukuna: a gaban jama'a aka karɓe gangata, a gaban jama'a za a mayar mini."

Maigari da kansa ya ɗauko ta.