Tulun Da Bai Bushe Ba

"Ni fa ban ce dole ba, rabin raina," in ji Kafinta, yana share garin katako daga fuskar wayarsa. "Yayata ce ta turo hoton. Cewa ta yi wai a gidan maginin tukwane ba a san irin wannan ba."

Auta ta karɓe wayar. Ɗaki ne fari tas a wani shafin kwalliyar gida na intanet, da kanta mai hawa uku a bango, a tsakiya wani dogon tulun furanni mai kaurin gindi. Kantar kuwa tuni angon nata ya ƙera irinta sak a ɗakin da za su zauna. Tulun ne kawai babu.

"Yaushe za ta zo ganin ɗakin?"

"Asabar mai zuwa... amma ki rabu da ita, kin san bakinta."

"Na sani. Shi ya sa zan rufe mata shi."

Auta akwai zuciya, kuma zuciyar nan ba ta taɓa haifa mata alheri ba. A yini guda ta gina tulun, ya fito kamar daga cikin hoton aka ciro shi. Sai dai hoto ba ya faɗin kwana nawa abu ya yi yana shan iska. Yumɓu mai kauri irin wannan sai ya yi mako biyu, ita kuwa kwana huɗu gare ta kafin Baba ya kunna tanderu.

Tun tana ƙarama Baba ya koya mata gwajin: a ɗora tukunya a kunci, in an ji sanyi to da sauran ruwa a cikinta. Wadda ke da ruwa in ta shiga wuta fashewa take, kuma ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ɗebi na kusa da ita.

Ranar Laraba da safe ta ɗora tulun a kuncinta. Sanyi ƙalau. Ta juya ɗaya gefen, ko za a dace. Nan ma haka.

Baba ya gama jera kaya a tanderu ya zaga baya ɗebo itace. Ta saɗaɗa ta cusa tulun can ƙurya, bayan wata babbar randa, kusa da wasu ƙananan abubuwa da aka kife kasko a kansu. Ba ta tsaya duba ko mene ne ba. Ya dawo ya toshe ƙofar da bulo, ya shafe da laka, ya kunna wuta ƙasa-ƙasa.

Kafinta ya iso da hantsi, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba na ta murmushi shi kaɗai, abin da ba halinsa ba ne.

"Ku matso ku ji. Auta, kin tuna kwanukan nan biyar na saman kabad?"

Ta tuna mana. Su ne aikin ƙarshe da mahaifiyarta ta yi kafin ciwo ya kwantar da ita. Shekara shida suna nan ɗanyu, Baba ya kasa gasa su, ko ƙura ba ya bari wani ya kaɗe musu.

"Suna ciki," ya ce yana nuna tanderun da haɓa. "Can ƙurya, na kife musu kasko. Na ce ki tafi ɗakinki da hannun uwarki."

Auta ta juya ta ƙura wa tanderun ido. Kusa da kaskon nan ta cusa tulunta.

Kafinta ya lura. Ya ja ta gefen rumfar shanya, ta faɗa masa cikin raɗa.

"Je ki gaya masa yanzu. Wutar ba ta yi ƙarfi ba, ai zai iya janyewa ko?"

"Zai iya... amma da wane ido zan kalle shi? Abin da ya fara koya min ke nan a duniya."

"To ni bari in faɗa."

"Kar ka soma. Wataƙila ma ya bushe, jiya an yi rana sosai."

"Zuciyata, kin ɗora shi a kunci?"

Ta kau da kai. Ya gane.

Ta koma ta tsaya bayan Baba. Hayaƙi na fita fari daga saman tanderun, irin farin da ke nuna ruwa na barin yumɓu. Ya ƙara itace ɗaya. Ta buɗe baki, ta rufe. Yana ba da labarin yadda marigayiyar take danna babban yatsanta a gindin duk abin da ta gina, wai don kada a yi mata musu. Ya ƙara itace na biyu. Tsoro da kunya suka haɗu suka rufe Auta, kuma kunyar ce ta fi ƙarfi.

"Baba..."

"Na'am, Auta?"

Ƙarar ba ta da girma. Wani ɗan "tuf" ne daga ciki, sai wani abu kamar tsakuwa na zuba a kan kwano. Baba ya tsaya cak da itace a hannu. Shekara arba'in yana wannan aiki, ba ya bukatar a fassara masa.

"Duk abin da na sa, na gwada shi," ya ce a hankali, bai waiwayo ba. "Me kika sa min?"

Ta zube a ƙasa ta faɗi komai tana kuka. Kafinta ya durƙusa kusa da ita.

"Baba laifina ne, ni na kawo hoton."

"Hoto bai da hannu, ɗana."

Tanderu ba a buɗe shi da zafi. Kwana biyu suka yi suna jira, kwana biyu Baba na amsa gaisuwarta da kai kawai.

Ranar Juma'a ya cire bulon ɗaya bayan ɗaya. Tulun ya tarwatse, ya fasa kaskon, randar ta faɗa kan kwanukan. Ya daɗe yana tona burbushi da yatsunsa. Daga ƙarshe ya fito da gindin kwano ɗaya, bai kai tafin hannu ba.

"Tulun bai dame ni ba," ya ce. "Kowane magini ya taɓa gaggawa. Amma kina bayana ina ƙara itace, Auta. Kalma ɗaya, da na janye wutar."

"Ka yafe min, Baba..."

Ya kamo hannunta, ya juya gutsuren, ya ɗora babban yatsanta cikin ɗan ramin da ke gindinsa. Ya zauna daidai, kamar ita ta danna. Sai a lokacin hawayensa suka zubo, ya jawo kanta ya jingina da kafaɗarsa.

Ranar Asabar Yaya ta zo ganin ɗaki. Ta dubi kantar nan mai hawa uku, babu komai a kai sai ɗan gutsuren yumɓu a tsakiya.

"Wannan kuma mene ne? Ina tulun?"

Kafinta ya riga Auta magana.

"Surukata ce, Yaya. Gaishe ta."