Bangon da Zakari Ya Ɗauka

Dab da magariba Zakari mai albasa ya jingine babur ɗinsa a bakin tsohuwar majami'ar laka da ke bayan garin Illela, ta hanyar Amarawa. Ɗan aike ne. Fasto ya ce ya ɗauko hotunan ginin, a tura wa 'yan'uwa na birane, ko sa sa hannu a gidauniyar gyara. Kakanninsu suka gina ta tun ba a yi kwalta ba, ga shi bangon gabas ya zube da damina, sujada ta koma ƙarƙashin rumfa.

Zakari kuwa shi ne bakin gidauniyar. In ya riƙe lasifika, marowaci ma sai ya laluba aljihu. Nasa aljihun dai ba a taɓa jin motsinsa ba.

Ya tura ƙofa. Warin kashin jemage ya tare shi, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ɗaga waya, ta mutu a hannunsa.

Sai aka yi gyaran murya.

Dakalan zaman da ya gani wayam yanzun nan duk sun cika. Maza gefe, mata gefe, cikin saƙi irin na da. Bakuna na buɗewa kamar ana waƙa, amma ba abin da ke fita sai ƙas-ƙas irin na gara a cikin azara.

Ya waiga. Ƙofa a rufe.

Wata tsohuwa na bin layi da faifan baiko, na karɓar gudummawa. Ba a jin takunta. Wannan ya sa curin laka. Wancan guntun azara. Wata ta sa ƙusa mai tsatsa. Ashe su ma gidauniyar suke yi.

Faifan ya matso.

Ya ƙara matsowa.

"Ɗana," ta ce cikin raɗa, "mi kak kawo muna?"

Ta riƙe masa wuyan hannu. Sanyi kamar gindin randa. Da ɗaya hannun ya zaro kuɗi, abin da duk Illela ba wanda ya taɓa gani.

"Ba mu gini da takarda."

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Kawunan kawai. Jikkunan na kallon gaba.

"Wanda bai sa komi ba," in ji ta, "da shi muke yaɓe."

Yatsunta suka fara nutsewa cikin fatarsa, kamar mai gwada ko laka ta kwaɓu.

Nan bakinsa ya yi abin da ya saba yi a kowane taro: ya ɗauki alkawari mafi girma, a tafa masa, ya wuce gida.

"Iya, na ɗauki bangon gabas! Duka!"



Sai tafi, busasshe, kamar ana karkaɗa kaba.

"An ji," ta ce, ta sake shi.

Bai san ta inda ya fita ba. Babur ma sai washegari da rana tsaka aka je aka turo masa.

Da safe maƙwabcinsa Maharazu ya leƙo yana dariya. "Zakari, mi ya ci kan katangarka? Har ina hangen akuyarka daga gidana!"

Layin tubali na sama babu shi. Ba ɓuraguzai a ƙasa, ba sawu. Da magariba ta sake yi, wani layin ya tafi, yana zaune yana jin ƙas-ƙas ɗin nan, ya kasa ɗaga ido.

A majami'a kuwa bango na ta tashi. Ran Lahadi Fasto ya yi godiya ga wani bawan Allah mai ginin dare wanda bai son a san shi. Aka yi tafi. Zakari ya sunkuyar da kai.

Yanzu kullum da hantsi za ka gan shi da amalanke, yana jigilar tubalin da ya saya da kuɗinsa zuwa majami'a, yana duban rana yana zufa. Su tsohuwar nan dai sun fi shi sauri. Katanga ta ƙare, bango bai kai rabi ba, shekaranjiya aka fara taɓa ɗakin da yake kwana.