Saƙon Haihuwa da Ya Ɓata Hanya

Ranar da budurwar ta fara shigowa asibitin idonsa, idanunta jawur suke. Likita ya zaunar da ita gaban na'ura, ya ce ta ɗora haɓa.

"Wane aiki kike yi da ido haka?"

"Kallon kwasar."

"Kwasar me?"

Ta tuntsire da dariya har goshinta ya bugi na'urar. Ta ce masa kwasar wani haske ne a tsakiyar garken taurari mai nisa, inda baƙin rami ke haɗiye gas, har haskensa ya danne na taurarin garken duka. Aikinta a jami'a shi ne gano ko ana ci gaba da haihuwar taurari a irin wannan gida.

Likita ya saki baki. Sai da ta kai bakin ƙofa ya tuna bai ba ta maganin ɗigawa ba. Daga ranar ta zama 'Yar Sama a wayarsa.

Da soyayya ta ƙullu har ya kai maganar aure gida, Umma, mahaifiyarsa, ba ta yi na'am ba.

"Yarinyar da ke wuni gaban kwamfuta da wannan abokin aikin nata, Mai Gemu? An ce shi ma ya taɓa neman aurenta."

"Ta ƙi shi, Umma."

"Mu dai gani."

Wata Asabar da hantsi, wayarsa na hannun Umma tana kallon hotunan jikokinta, saƙo ya faɗo daga 'Yar Sama.

"Ta tabbata! Akwai haihuwa, na gani da idona. Mai Gemu, daga ni sai kai muka sani. Kada ka gaya wa kowa tukuna."

Umma ta yi salati, ta miƙa wa Likita wayar. Ya karanta ya sake karantawa. 'Yar Sama ta kira, ta sake kira, bai ɗauka ba.

Ran Litinin Umma ta yafa mayafi, ta tasa shi a gaba har ofishin yarinyar. Ta dangwarar da wayar kan tebur.

"Cikin wa?"

'Yar Sama ta karanta, ta dafe ƙirji. Ashe saƙon abokin aiki ta tura wa Likita bisa kuskure. Ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Wani ɗigon haske ne, kewaye da ja-ja kamar garwashi.

"Ga masu jegon, Umma. Mun zaci zafin kwasar ɗin ya kashe haihuwa a garken nan. Sai ga shi ana haifar ɗaruruwan taurari duk shekara. Muna jira ne a tantance kafin mu sanar."

"Taurari?" Umma ta zube kan kujera. "La'ilaha illallahu! Ni 'yasu, na ɗauki alhakin 'yar mutane."

Amma ba Umma 'Yar Sama ke kallo ba.

"Ita ba ta san ni ba. Kai fa? Ko tambayata ba ka yi ba."

Likita ya ɗauki wayarsa daga kan tebur. Ta buɗe musu ƙofa da kanta.

Ya yi ta aika ban-haƙuri, shiru. A ƙarshe ya rubuta:

"'Yar Samata, ba ni da hujja. Tsoron rasa ki ne ya rufe min ido. Idan kin yafe, ba zan ƙara yanke miki hukunci ban ji ta bakinki ba."

Amsar ta zo yana tsakiyar duba mara lafiya.

"Na yafe, Likitana. Ai Umma ta riga ka, tun jiya ta zo gidanmu ban-haƙuri wajen Baba."

Ya yi kabbara da ƙarfi har dattijon da ke gabansa ya zabura.

Ranar ɗaurin aure Umma ce ta kama hannun amarya, ta ɗora a na ɗanta, hawaye na zuba.

"Ga amana nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya yi muku albarka, ya tsare ku daga saurin zargi irin nawa."

Duk ɗakin ya amsa da amin.