Bukkar da Kassian Ya Sa wa Kwaɗo

Ran da aka fara jifan gidan Kassian, yamma ce irin ta kaka. Ganyen dutse ya yi ja da ruwan ɗorawa, baƙin bazara sun watse, ba ka jin komai a kwarin sai rurin mazan barewa daga cikin kurmi. Matarsa Burgi na zuba miya sai ga dutse, ƙwal, a kan rufi. Wani ya sake faɗowa.

Kassian ya fita da sanda. Ba kowa, sai hankaki jere a kan shinge.

"Vitus ne," in ji shi. "Tsohon nan bai huce ba."

Shekara arba'in Vitus yana yi musu kiwon shanu a bukkar da ke can saman dutse. A bana da aka sauko da shanu, Kassian ya sallame shi, ya share bukkar tas, ya sa mata kwaɗo, don ya riƙa sauke masu zuwa kallon barewa.

Kwana uku ana jifa. Kassian ya laɓe bayan itace yana dakon Vitus, ya tuhumi mai kawo madara, har Burgi ya fara yi wa kallon gefe. A na huɗu, 'yarsu Afra, wadda ta hau bukkar don kai barguna, ta dawo ba takalmi. Ta daina cin abinci. Ta zauna gaban murhu tana rawar ɗari, hannunta kamar ƙanƙara. Likita ya zo ya duba, bai ga komai ba.

"Ko ka kira Vitus, shi da ya san sirrin bukkar nan, ko in je da kaina," in ji Burgi. "Yarinya na ƙarewa, kai kana gadin shinge."

Vitus ya zo da la'asar sakaliya, da kaskon garwashi da busassun ganyaye. Ya yi addu'a ƙasa-ƙasa, hayaƙi ya cika ɗakin. Sannan ya durƙusa.

"Wane ne a nan?"

Bakin Afra ya motsa, amma muryar ta wani tsoho ce, a dishe. "Ka san ni, makiyayi. Bazara taku, hunturu nawa. Kullum in kun sauka ina tarar da burodi, da man shanu, da itace, ƙofa a sake. Bana na tarar da ƙarfe."

"Ba da sanina ba ne, mai bukka. Me kake so?"

"Yarinyar. Ta iya hura wuta."

Burgi ta toshe baki da hannu.

"Haba dai," in ji Vitus. "Wannan da ke ƙona kunu? Kwana biyu za ka dawo da ita. Karɓi abin da ka saba, a ninka maka man shanun."

Garwashi na ta yin 'yar ƙara, sannan dishasshiyar muryar ta dawo.

"Wanda ya kulle, shi zai buɗe. Da ƙafa zai hau, kaya a bayansa, kafin rana ta faɗi gobe."

Afra ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, sai ta ce yunwa take ji.

Washegari Kassian ya hau, Vitus na biye. Ya cire kwaɗon, ya ajiye burodi da mai a kan tebur, ya jera itace gefen murhun da ya yi sanyi. Har lokacin zuciyarsa ba ta kwanta ba. Suna gangarowa cikin busasshen ganye ya ce:

"Faɗa mini gaskiya, Baba Vitus. Kai ka kitsa wa yarinyar nan maganganun nan, ko?"

Tsohon ya tsaya, ya nuna baya da haɓa.

Wani namijin barewa na tsaye a bakin bukkar, ba ya ko motsi. A samansa hayaƙi na fita daga bututun murhun bukkar, siriri, yana miƙewa sama.

"Wa ka bari a ciki?" Kassian ya tambaya.

"Ni?" in ji Vitus. "Ai ga ni a gabanka. Sa kwaɗonka a aljihu mu tafi, rana na faɗuwa."